Kukan Mujiya a Daren Hunturu

Ina gaida ku duk inda kuke saurarenmu, musamman matan cikin birnin Zariya, na Ƙofar Galadima da maƙwabtansu. Yaya sanyi? Yaya yara? Allah ya ba mu wucewarsa lafiya.

Yau hirar tamu a kan wata tsuntsuwa ce da yawancinmu ba mu son ko a ambaci sunanta da dare, wato mujiya. Na san wata tana jin haka ta ce, "A'uzu billahi, duk tsuntsayen duniya a rasa wadda za a kawo mana sai wannan?" Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ki gyara zama, kada ki kashe rediyon. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa kukanta ya yawaita a unguwanninmu, kuma akwai matan da wannan kuka yake hana su barci, gabansu ya yi ta faɗuwa har asuba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. To yau so nake mu haska wannan duhu, mu san me take cewa, don me ta fi yin kukan a wannan lokaci, kuma mene ne ya kamata ya dame mu a gidajenmu idan mun ji shi.

Mu fara da abin da muka taso muka ji. An ce idan mujiya ta sauka a kan katanga ko soron gida ta yi kuka, to mutuwa ce take sanarwa. An ce idan akwai jariri a gidan, shi take nema. Wasu ma cewa suke yi ba tsuntsuwa ba ce, mayya ce ta rikiɗa. Har a cikin maganarmu ta yau da kullum, idan mutane suka tsani wani, kowa yana gudunsa, sai a ce an mayar da shi mujiya. Da wannan muka girma, kuma da shi muke renon 'ya'yanmu ba tare da mun tsaya mun bincika ba.

Wannan camfi ba a ƙasar Hausa ya fara ba. Larabawan jahiliyya ma suna da irinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisi daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi da tsuntsaye, kuma a cikin abubuwan da ya kore har da abin da Larabawa ke kira hama. Malamai masu sharhi, irin su Imam Nawawi, sun bayyana cewa ɗaya daga cikin ma'anonin kalmar ita ce mujiya, domin Balaraben wancan zamani idan ta sauka a kan gidansa sai ya ce ta zo yi masa ta'aziyyar kansa ko ta wani nasa. Kin ga ke nan, abin da muke tsoro yau an riga an yi maganinsa fiye da shekara 1,400 da suka wuce. Ki tambayi malamarku ta Islamiyya, za ta ƙara miki bayani.

To idan ba mutuwa take kira ba, wa take kira? Amsar gajeriya ce, mijinta take kira, ko shi yake kiranta. Da kaka da hunturu har zuwa farkon bazara, nan ne lokacin aure da haihuwa ga yawancin mujiyoyin ƙasarmu. Dalilin kuwa abinci ne. An gama girbi, an kai dawa da gero da masara gida, ɓeraye sun ci sun ƙoshi sun hayayyafa. Ciyawa ta bushe, wata an ƙone ta, saboda haka ɓera ba shi da wurin ɓuya sosai. Tsuntsuwar da abincinta ɓera ne, ai babu lokacin da ya fi wannan dacewa ta tara iyali. Sannan daren hunturu shiru gare shi. Babu tsawa, babu ruwan sama a kan kwano, kwaɗin kududdufi sun yi tsit, mutane sun shige ɗaki da wuri saboda sanyi. Kukan da da damina zai ɓace a cikin hayaniya, yanzu sai ki ji shi kamar a bakin ƙofarki.

Kuma Zariya gari ne da ya dace da su. Ku matan Ƙofar Galadima kun fi ni sanin yadda unguwarku take: ga ragowar tsohuwar ganuwa, ga tsofaffin soraye da zauruka masu lunguna, ga manyan itatuwa masu kogo, ga gonaki da fadama ba nisa. Garin da har unguwanninsa ake kira da sunan rimi, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko, ai ba zai rasa masaukin tsuntsu ba. Idan aka dubi bayan gari kuma ga duwatsu irin su Kufena. Mujiya wuri biyu take nema, inda za ta ɓuya da rana da inda za ta yi farauta da dare, kuma duka biyun tana samunsu a nan.

Abu na biyu da ya kamata ki sani shi ne, mujiya ba iri ɗaya ba ce. Waɗanda aka fi ji a wajejenmu sun kai 5, kowace da muryarta. Bari in faɗa miki su ɗaya bayan ɗaya, don in kin ji ki gane mai magana.

Ta farko ita ce farar mujiya, wadda ta fi kowace kusantar mutane, kuma ita ce ta fi ba mu tsoro. Fuskarta fara ce mai faɗi kamar an kifa ɗan faifai, idanunta baƙaƙe, cikinta fari, bayanta ruwan ƙasa-ƙasa. Ita ce ke zama a cikin silin ɗin makaranta, ko hasumiyar masallaci, ko tsohon soron da aka daina kwana a ciki. Ba ta cewa "huu huu". Kukanta wata doguwar ƙara ce mai kaushi, "shiriiiii", kamar ana yaga sabon yadi, kuma sau da yawa tana tafe a sama take yin ta. Namijin ne ya fi yi, yana kewaya wurin da ya zaɓa, yana shaida wa sauran maza cewa nan da mai shi, yana kuma shaida wa mace cewa ga ɗaki ya samu.

Ta biyu babba ce, mai launin toka, da wasu gashi biyu a ka kamar kunnuwa. Wasu na ce mata duji. Muryarta mai zurfi ce, gaɓa biyu, "huu, huuu". Ta fi son duwatsu da manyan itatuwa da tsohon gini, kuma ban da ɓera tana cin manyan ƙwari, har da jemage. Idan kin kasa kunne da kyau wani lokaci za ki ji murya biyu, ɗaya ta kira ɗaya ta amsa. Miji da mata ne.

Ta uku matsakaiciya ce, mai farar fuska da baƙin zane a gefe, idanunta jajaye kamar garwashi. Kukanta mai taushi ne, "fo, furuuu", har wata za ta ɗauka kurciya ce ta yi makuwa. Ba ta gina sheƙa, tsohuwar sheƙar wani tsuntsu take samu ta shiga, ko kogon itace.

Ta huɗu 'yar ƙarama ce ƙwarai, tsawonta bai wuce tafin hannunki ba, launinta kamar ɓawon itace, ko da rana kika wuce ta ba za ki gan ta ba. Kukanta gaɓa ɗaya ne, "furrp", ta yi shiru kamar na ɗan numfashi biyu, ta sake, haka har dare ya raba. Da yawa daga cikinmu mun sha jin ta muna cewa kwaɗo ne ko gyare. Abincinta ƙwari ne.

Ta biyar ita ma ƙarama ce, mai ɗigo-ɗigon fari, kuma ita tana fitowa har da rana. Fito take yi, ta fara a hankali tana hawa, "tu, tu, tu, tu", sannan ta sauko da dogon "tiyuu, tiyuu". A ƙeyarta akwai baƙaƙen tabo biyu kamar idanu, ta yadda duk wanda ya zo ta bayanta zai ɗauka kallonsa take yi. Idan kin ga ƙananan tsuntsaye sun taru a kan bishiyar gidanku suna ta tsiwa ga wani abu, sau da yawa ita ce suka gano. Suna yi mata taron dangi ne don tana kama 'ya'yansu. Daga irin wannan gani ne aka samo maganar nan ta mayar da mutum mujiya.

Yanzu bari mu leƙa gidan farar mujiya mu ga yadda zaman aurensu yake, domin akwai abin mamaki a ciki. Idan namiji ya samu wuri, ya yi ta kira har mace ta amsa, ba da hannu biyu yake zuwa zance ba. Ɓera yake kamowa ya miƙa mata. Gobe ya sake kawowa, jibi ya sake, wani lokaci har su taru a gefenta ta kasa cinyewa. Wannan shi ne toshinsa, shi ne lefensa. Ita kuma da haka take auna shi, domin nan gaba ita da 'ya'yanta a kan farautarsa za su dogara. Idan suka daidaita, yawanci tare suke zama shekara da shekaru, har ɗaya ya mutu.

Ba ta tara tsinke ta yi sheƙa kamar kurciya. A lungu mai duhu take yin ƙwai, farare, yawanci 4 zuwa 7. Ba rana ɗaya take yinsu ba, takan bar kwana 2 ko 3 tsakanin wannan da wancan, kuma tun daga na farko take fara kwanci. Kwancin kan ɗauki kimanin kwana 30 zuwa 32. Duk tsawon wannan lokaci ba ta fita farauta, mijin ne ke kai da kawo. Kin ga ita ma tana da nata zaman jego, kuma maigidan bai taɓa cewa yau babu cefane ba sai in farautar ce ta ƙi. Idan aka ƙyanƙyashe, shi ya kawo, ita ta yayyaga ta ba yara a baki. Saboda tazarar da ke tsakanin ƙwan, sai ki tarar da babban wa ya girmi autan da mako biyu ko fiye. Wani masani a jami'ar Lozan ta ƙasar Suwizalan, mai suna Alexandre Roulin, ya shafe shekaru yana nazarin waɗannan 'ya'ya, ya gano cewa kafin iyaye su dawo sukan yi ta kuka a tsakaninsu, wanda ya fi jin yunwa ya fi nacewa, sauran su ja baya su bar masa abincin da zai zo. Wani lokaci ma babba kan ɗauki nasa ya ba ƙarami. Sai sun kai mako 8 zuwa 9 sannan su fara tashi.

Kukan yunwar yaran nan wani huci ne mai ja, "shhhh, shhhh", kamar mutum na minshari ko maciji na huci. Sau nawa aka ji wannan a cikin silin ko a kango aka ce aljanu ne sun tare? Sau nawa aka ƙaurace wa ɗaki saboda shi? Alhali jarirai ne suke jiran abinci.

Akwai kuma wani abu da kan tayar da hankalin mai shara da safe. Za ki tarar da wani baƙin curi a gindin katanga, girmansa kamar babban yatsa, in an fasa shi sai a ga gashi da ƙananan ƙasusuwa har da ɗan ƙoƙon kai. Nan take zuciya ta ce asiri aka binne, a fara zargin abokiyar zama ko maƙwabciya. 'Yar'uwa, kada ki ɗauki alhakin kowa. Mujiya haɗiye ɓera take yi ɗungurungum, cikinta ya narkar da naman, gashi da ƙashi kuma ya dunƙule su ta amayar ta baki. Masu bincike ma tsintar irin wannan curi suke yi su fasa don su ƙidaya abin da ta ci.

Hatta siffofinta da ke ba mu tsoro, kowace da aikinta. Idanunta a kafe suke, ba sa juyawa a cikin gurbinsu kamar namu, shi ya sa take juya kan gaba ɗaya. A wuyanmu ƙashi 7 ne, a nata 14, don haka tana iya juya kai har kashi 3 cikin 4 na cikakken zagaye. Faffaɗar fuskar nan tattara sauti take yi ta kai kunne, kuma kunnuwan farar mujiya ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, abin da ke sa ta gane daidai inda motsi yake. Wani masani ɗan Amurka, Roger Payne, ya gwada ta a ɗakin da babu ko ɗigon haske, ta kama ɓera da ji kawai, ya wallafa sakamakon a 1971. Gashin fukafukanta kuma laushi gare shi, bakinsa kamar haƙoran matsefi, shi ya sa take wucewa ta kanki ba ki ji motsi ba. Ba siddabaru ba ne, kayan aiki ne Mahalicci ya ba ta don neman abincinta.

To, wata za ta ce, "Duk na ji, amma ni da kunnena na ji ta yi kuka a gidanmu, kwana biyu aka yi rasuwa." Ban ƙaryata ki ba. Amma ki tambayi kanki, wa ke farke da ƙarfe biyun dare? Mai lafiya da masu lafiya a gida barci take yi, mujiya ta yi kukanta ta gama ba ta sani ba. Wadda ke zaune ido biyu ita ce mai jinya, ɗa a cinya, jikinsa zafi rau. Ita ce za ta ji. Idan yaron ya warke, ta manta da kukan. Idan Allah ya karɓi abinsa, ba za ta taɓa mantawa ba, kuma za ta ba jikokinta labari. Mujiyar kuwa jiya ta yi kuka, shekaranjiya ta yi, a kan gidaje da dama da ba a yi ko ciwon kai ba.

Sannan faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Watannin da mujiya ke neman aure su ne watannin da wasu cututtuka ke tashi a arewa. Da sanyi da ƙura ake samun mura mai sauka ƙirji ta zama limoniya. Da rani ƙyanda ke yaɗuwa. Sanƙarau kuma daga Disamba yake somawa, ya yi ƙarfi idan zafi ya shigo. Iyayenmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a nan arewa. Ba tsuntsu ne ya kawo shi ba, ƙwayar cuta ce da ke bin numfashi a ɗakunan da aka cunkushe aka toshe tagogi.

Nan ne haɗarin camfin yake. Uwar da ta yarda cewa mujiya ta riga ta yanke hukunci, jikinta sanyi yake yi, ta zauna tana kuka tana jiran abin da zai faru, ko a ɓata daren wajen jifan tsuntsu da turara hayaƙi. Alhali sa'o'in nan su ne masu tsada. Ki bar kallon katanga, ki kalli yaron. Idan numfashinsa na fita da sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska. Idan wuyansa ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumbura. Idan ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai. Idan ya fara taune-taune, to wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Mai taune-taune a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo a lokacin, don zai iya shaƙewa. Ki yi addu'arki kina tafe a hanya. Ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin yara na Banzazzau a cikin gari, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Kuma shawarata gare ki, tun yau da kowa ke lafiya ki zauna da maigida cikin ladabi ku yi magana: idan irin wannan ta taso ba ya gida, ya ba ki izini tun yanzu, ya faɗi wanda zai raka ki, a ajiye ɗan kuɗin mota a wuri sananne. Allurar rigakafi kuma kada a bari ta wuce yara.

Wani abin kuma, tsuntsuwar da muke jifa aiki take yi mana kyauta. Gida ɗaya na farar mujiya, uwa da uba da 'ya'ya, sukan cinye ɓeraye fiye da 1,000 a shekara. A ƙasar Maleshiya manoman kwakwar manja da na shinkafa akwatuna suke kafa mata a kan dogayen sanduna a cikin gona don ta zo ta zauna, saboda ta rage musu sayen guba. Mu kuwa mun san abin da ɓera ke yi wa buhun masara da kayan ɗaki. Ban da ɓarna, akwai zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da cutar, yana zubar da ita ta fitsari da kashi a kan abinci, kuma ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Tana da haɗari ƙwarai ga mai tsohon ciki, wasu da suka warke kuma takan bar su da kurumta. Irin wannan ɓera yana cikin abin da mujiya ke ci. Ban ce ita kaɗai za ta tsare gida ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ki rufe abinci, hatsi ya shiga mazubi mai murfi, a toshe ramuka, a nisanta juji da ɗaki. Shinkafar ɓera kuwa a yi hattara da ita, ta sha kashe yaran da suka tsinta suka kai baki, kuma ɓeran da ya ci ta idan mujiya ko kyanwa ta cinye shi, ita ma tafiya take yi.

Bari in ba ki labarin yadda wasu ke yi da nasu mujiyoyin, ki sha mamaki. A Ingila da Amurka, da tsakiyar sanyinsu mai ƙanƙara, mutane kan yi rajista, wani lokaci har da biyan kuɗi, a fita da su yawon dare don sauraren mujiya. Jagora masanin tsuntsaye ne ke gaba, mutane kaɗan a bayansa, da yara da tsofaffi, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Ba a surutu. Tocilan mai jan haske ake riƙewa don kada a kashe wa tsuntsun ido. A yi 'yar tafiya a tsaya, a kasa kunne. Wani lokaci jagoran ya kwaikwayi kukan sau ɗaya ko biyu, in an yi sa'a a amsa masa daga cikin itatuwa, amma ba ya yawaitawa, kuma ba a matsawa kusa da sheƙa. Sun zaɓi sanyi ne saboda dalili irin namu, lokacin ne mujiyoyinsu ke neman juna. Babbar mujiyar Amurka mai gashi kamar ƙaho tun Janairu ko Fabrairu take kwanci, ƙanƙara na zuba a bayanta. Ta Ingila kuma, kukan da yaransu suka sani a matsayin na tsuntsu ɗaya, ashe na biyu ne, macen ta yi siririn kira, namijin ya amsa da mai kauri.

Kada ki ce wannan sai Turawa. A nan Zariya, a shekarun 1960, wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello mai suna Hilary Fry ya yi nazarin tsuntsayen wannan yanki, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan marubuta a kan tsuntsayen Afirka. A kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda 'ya'yanmu maza da mata ke yin digiri na biyu a wannan fanni. Tun 2015 kuma ake aikin tattara bayanan tsuntsayen Nijeriya gari da gari, matasan arewa na ciki, da wayoyinsu suke rubuta abin da suka gani. Wa ya sani ko 'yarki da ke maƙale da ke yanzu saboda tsoro, ita ce gobe za ta koyar da wannan ilimi?

Ke kuma da ke cikin gida, ba sai kin je daji ba, ba sai kin biya ko kwabo ba. Naki yawon daren a tsakar gida yake. Bayan sallar isha'i, idan an gama cin tuwo, ki shimfiɗa tabarma, ki lulluɓe yara da kyau, a rage fitila, a yi shiru na minti 10. Daren da aka ɗauke wuta, injinan unguwa ba su tashi ba, ya fi daɗin saurare, haka ma daren farin wata. Duk wanda ya ji wani abu ya ɗaga yatsa, sannan a tambaya: daga wane gefe? Gaɓa nawa? Ɗaya ce ko biyu ke amsa wa juna? Mai zuwa makaranta ya rubuta rana da lokaci a bayan littafinsa. Ke ce jagora. Haka idan kun fita unguwa da dare, barka ko gaisuwa, kuna dawowa da 'yan rakiya kuka ji ta, maimakon ki ja hannun yaro ku ruga, ki ce masa, "Ka ji farar nan, mijin ne ke kai wa matarsa abinci." Yaro daga fuskar uwarsa yake koyon tsoro, daga nan kuma yake koyon natsuwa. Sai dai ban ce a tura yara bakin ganuwa ko kango da dare neman mujiya ba. Daga cikin gida ya isa.

Idan kuma ta riga ta yi 'ya'ya a silin ɗinku, ƙara da wari sun dame ku, ga yadda za a yi. A yi haƙuri, daga ƙwai zuwa tashi kimanin wata 3 ne. In sun tashi, maigida ya sa a share wurin, mai sharar ya rufe hanci da baki, ya yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ya wanke hannu da sabulu, sannan a toshe kafar. Kada a toshe da 'ya'ya a ciki, za su mutu su ruɓe, warin ya fi na da. Idan ɗa ya faɗo, a sa tsumma a ɗauke shi, don yana da farce, a mayar da shi inda ya fito. A hana yara harbinta da danƙo, kuma kada a sayar wa masu neman sassan jikinta don tsibbu. Rai ce, kuma ba ta yi mana laifin komai ba.

'Yan'uwa, lokaci ya yi halinsa. Yau da dare in kin ji ta, ki tsaya ki tantance wacce ce daga cikin biyar ɗin nan. Sannan ki taɓa goshin yaranki, ki duba ko an rufe tukunya, ki yi addu'ar barci ki kwanta. Rai da ajali a hannun Allah suke, bai ba tsuntsu sanin gaibu ba. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana da saƙo kamar yadda aka saba, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.